Kundin Baƙo: Tarken Rubutun Masu Koyon Harshe da Al'ada, Daga Kukawa Zuwa Wulari

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba kasa rubutun zube gida biyu, wato ƙagagge da wanda ba ƙagagge ba. Gida na farko ya sha tarke, tun daga littattafan gasar 1933 har zuwa adabin kasuwar Kano. Gida na biyu kuwa akan ratsa shi ne a gurguje, a ambaci tarihin sarakuna da labaran tafiye-tafiye, sannan a wuce. A cikin wannan gida na biyu akwai wani nau'in rubutu wanda ko suna ba mu raɗa masa ba tukuna, shi ne rubutun da mutum kan yi domin ya ajiye labarin yadda ya shiga cikin wata al'umma, ya koyi harshenta, ya kuma ga al'adunta da idonsa. A wannan maƙala za mu kira shi kundin baƙo.

Dalilin ɗauko wannan batu daga Maiduguri a fili yake. Ƙasar Barno ta daɗe tana karɓar baƙi, tana kuma fitar da 'ya'yanta zuwa baƙunta, wasu da son ransu, wasu a ɗaure. Da yawa daga cikin tsofaffin misalan irin wannan rubutu da suka shafi Hausa da Kanuri suna da alaƙa da Barno ta ƙarni na goma sha tara. Har ila yau, duk wanda ya san unguwa irin Wulari ya san cewa koyon harshen maƙwabci aiki ne na yau da kullum a wannan gari. Abin da za mu yi shi ne mu feɗe wasu kundaye na dā, mu ga abin da kowannensu ya iya riƙewa da abin da ya suɓuce masa, sannan mu dubi gurbin da suka bar wa marubutanmu na yau.

2.0 Ma'aunan Tarke

Kundin baƙo ya bambanta da tarihin rayuwa, domin shi bai damu da rayuwar mutum tun daga haihuwa har tsufa ba. Ya kuma bambanta da labarin tafiya zalla, wanda ke lissafa zango da nisan hanya. Jigonsa shi ne tsakanin rashin sani da sani, wato ɗan lokacin nan da mutum yake jin magana a matsayin ƙara kawai, kafin ta zama ma'ana a kunnensa. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Gaskiya ne, to amma wannan makanta tana tare da wani irin gani, don kuwa baƙo kan lura da abin da ɗan gari ya daina gani saboda sabo. Wannan gani ba ya daɗewa. Da zarar harshe ya zauna a baki, mamaki ya tafi ke nan.

Bisa ga haka, ma'aunai uku za mu ɗora kowane kundi a kansu. Na farko shi ne hannu: wa ya riƙe alƙalami, mai labarin ko wani? Na biyu shi ne lokaci: an rubuta ne da ɗumi-ɗuminsa, ko sai bayan shekaru sun tace abin da aka tuna? Na uku shi ne harshe: da wane harshe aka yi rubutun, kuma wa ake sa ran zai karanta? Za a ga cewa kowane kundi daga cikin waɗanda za mu duba ya cika wasu ma'aunai ya rasa wasu, kuma abin da ya rasa shi ne ya tsara iyakar abin da zai iya gaya mana.

3.0 Abdulkarim: Baƙon da ya Riƙe Alƙalaminsa

Heinrich Barth, Bajamushen da mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya baro Tarabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, a ƙarƙashin gwamnatin Ingila. Ya shiga Kano a farkon 1851, ya isa Kukawa a watan Afrilu na wannan shekara, zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu. Bai koma Turai ba sai a 1855. A tsawon wannan lokaci yana rubuta abin da ya gani a ƙananan littattafai, tare da kwanan wata da sunan wuri. Ya zo da Larabcinsa, ya koyi Hausa da Kanuri a hanya da zaman gari, daga bakin fatake da bayi da fadawa. Daga waɗannan rubuce-rubuce ne aka sami littafin tafiyarsa mai juzu'i biyar, wanda aka buga a 1857 da 1858, da kuma tarin kalmomin harsunan tsakiyar Afirka da ya fito tsakanin 1862 da 1866, wanda ya ƙunshi Kanuri da Hausa da Fulatanci da Tedanci da harshen Mandara da wasunsu.

Idan aka ɗora kundin Barth bisa ma'aunanmu, za a ga ya cika su duka: hannunsa ne, a kan lokaci ya rubuta, kuma da harsunan da ya mallaka. Wannan ne ya ba aikin nasa ƙarko. Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma mayar da fadar Shehu zuwa Yerwa a 1907, amma fasalin garin biyu, na gabas da na yamma, da dandal ɗinsa da kasuwarsa, suna nan a rubuce. Darasi na farko ke nan: abin da aka rubuta a ranar da aka gan shi yakan rayu bayan ganuwa ta faɗi.

Sai dai kundin Barth na mai kallo ne daga waje, wanda aka turo domin ya kai rahoto. Kalma a wurinsa abin tarawa ce, kamar yadda yake tara sunayen koguna da tsirrai. Ga kuma wani giɓi da ya fi wannan girma. Akwai yara biyu da suka bi shi shekara da shekaru, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, waɗanda Overweg ya 'yanta kafin rasuwarsa a gaɓar tafkin Chadi a 1852. Sun je Tambutu da shi, sun ƙetare Sahara da shi, amma a cikin juzu'i biyar ɗin nan jefi-jefi ake jin ɗuriyarsu. Mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓen wanda zai zama tauraro.

4.0 Ali Eisami: Harshen Uwa a Hannun Wani

Kafin mu zo kan Dorugu, ya kamata mu tsaya kan wani ɗan Barno da ya riga shi. Ali Eisami ɗan malami ne daga yankin Gazir, kusa da Birnin Gazargamu. Bayan yaƙin da ya ci birnin a 1808 ya faɗa hannun masu kamen bayi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, ta ƙasar Hausa da Bargu har ƙasar Yarbawa, daga nan sai bakin teku. Jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ya ɗauko shi, aka sauke shi a Saliyo a 1818. Bayan kimanin shekara talatin wani ɗan mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya zauna da shi yana koyon Kanuri daga bakinsa. A 1854 Koelle ya buga nahawun Kanuri da kuma tarin karin magana da tatsuniyoyi da labarai, a ciki har da labarin Ali kansa.

Wannan labari ya cika ma'aunin harshe, domin da Kanuri aka faɗe shi. Amma hannun na wani ne, lokaci kuma ya yi nisa ƙwarai. Mutumin da ya ratsa ƙasashe masu harsuna daban-daban, wanda dole ya nemi ruwa da abinci da kalmomin da ba na uwarsa ba, ya taƙaita wannan duka a 'yan shafuka. Shekara talatin sun share ƙananan abubuwa, sun bar ƙashin bayan labari: an kama ni a wuri kaza, an sayar da ni a wuri kaza. Abin da ya rage mai daraja ne ga masanin tarihi, amma mai nazarin adabi yakan rufe shafin yana jin ƙishirwa. Daɗin daɗawa, a wannan zama Koelle ne mai koyo, Ali kuwa malami, sai ga shi sunan ɗalibi ne a bangon littafi.

5.0 Dorugu: Idon Baƙo da Ɗuminsa

A nan ne ya dace mu daɗe, domin labarin Dorugu shi ne mafi kusa da abin da muke nufi da kundin baƙo a harshen Hausa. An haife shi wajen 1840 a ƙasar Damagaram, mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. An kama shi yana yaro, aka kai shi Barno, ya zauna cikin bauta a Kukawa har ya haɗu da Overweg, wanda ake kira Tabib. Bayan rasuwar Tabib ya koma hannun Barth. Suka tashi daga Kukawa a ƙarshen 1852, suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tambutu a 1853. A 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Faransa, daga nan sai Landan. A Ingila ne ya zauna a gidan J. F. Schon, ɗan mishan da ya yi shekaru yana aikin Hausa ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba. Schon ya riƙa rubuta abin da yaron yake faɗa, kuma daga bakin nan nasa ya sami kaso mai yawa na abin da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Cikakken labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885.

Manufar Schon ita ce ya sami jimlolin Hausa na gaske domin masu koyo. Ke nan a matsayin samfurin harshe aka ɗauki labarin. Amma wanda ya karanta shi da idon tarke zai ga ya wuce nan. Ta fuskar zubi, an gina shi a kan zango-zango, kamar yadda fatake ke ba da labarin hanya. Ta fuskar salo, jimlolinsa gajeru ne, aikatau na bin aikatau, ba ado ba kwalliya, irin salon mai ba da labari da baki a gaban mai sauraro. Wannan sauƙi yana da amfaninsa, domin idan ya zo kan yunwa ko rabuwa da iyaye ko tsoron a sake sayar da shi, rashin adon ne ke sa abin ya soki zuciya.

Inda ya fi nuna gwaninta shi ne inda ya juya ido ya kalli Turawa. Bayaninsa a kan yadda mutanen Ingila ke cin abinci idan sun yi baƙi ya shahara a wurin waɗanda suka san littafin. Ya lura da yadda ake jera maza da mata a shiga ɗakin cin abinci, da yawan kayan da ake shimfiɗawa a tebur, da yadda ake kawo abinci iri bayan iri, da yadda mata kan tashi su bar maza a zaune. Bai yi ba'a ba, bai kuma yi yabo ba. Ya dai bayyana, kamar yadda Barth ya bayyana zaman fadar Shehu, sai al'adar da masu ita ke ɗauka ita ce daidai ta koma abin kallo. Inda Hausar zamaninsa ba ta da suna ga wani abu, yakan bayyana shi ta hanyar aikinsa ko ya kamanta shi da abin da ya sani a gida. A irin waɗannan wurare mai karatu na ganin harshe yana miƙewa domin ya kamo sabon abu, kuma wannan shi ne zuciyar kundin baƙo. Abin da ya ba da damar haka shi ne lokaci: yaron bai daɗe da isa Ingila ba, mamakinsa bai huce ba.

Akwai abin lura idan aka jera wannan labari da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Duka biyun labarin yaro ne da bauta ta raba da uwarsa, ya ƙetare Sahara a hannun wani baƙo, har ma sunan baƙon ya zo ɗaya, wato Abdulkarim. Ba muna cewa ɗayan ya ɗauko daga ɗayan ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, jigon da muke yabawa a ƙagaggen labari ya riga ya bayyana a zuben Hausa na boko kusan shekara hamsin kafin gasar, daga bakin wanda abin ya faru a kansa. Duk tarihin zuben Hausa da ya fara daga 1933 ya bar wannan yaro a waje.

Duk da haka, ma'aunin hannu ya kāsa. Dorugu yana magana ne a gaban mai masaukinsa, babban mutum, malamin addinin da ba nasa na asali ba. Yaro mai kunya irin ta Bahaushe ba zai faɗi duk abin da ke ransa a irin wannan zama ba. Sannan abin da mai tambaya bai tambaya ba, da wuya ya shiga takarda. Yaron da ya tashi da Hausa, ya zauna cikin masu Kanuri da Larabci, ya ƙare cikin masu Ingilishi, yana da labari mai tsawo game da yadda kowane harshe ya shige shi, amma ɗan kaɗan ne daga wannan ya iso gare mu. Ko ta fuskar rubutu ma akwai asara, domin ƙa'idar Schon ba ta bambanta baƙaƙe masu lanƙwasa da takwarorinsu yadda ya kamata ba, tunda sai a shekarun 1930 aka tsayar da su a rubutun boko. Dorugu ya koyi karatu da rubutu, ya komo gida a 1864, ya kuma koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano kafin rasuwarsa a 1912. Amma labarin da duniya ta san shi da shi, alƙalamin wani ne ya rubuta.

6.0 Muhammad Ali ɗan Sa'id: Hannunsa, Harshen Wasu

Tsaran Dorugu ne, haifaffen Kukawa, wanda ya ce mahaifinsa shi ne Barka Gana, sanannen jarumin Shehu Laminu. Buzaye suka kama shi yana matashi, aka bi da shi ta Murzuk zuwa Tarabulus. Daga nan rayuwa ta kai shi Makka da Santambul, sannan ƙasar Rasha, inda ya zama baran wani basarake, aka sauya masa addini da suna, ya koma Nicholas Said. Ya zaga ƙasashen Turai, ya isa nahiyar Amurka a 1860, ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta 55 ta jihar Massachusetts a 1863, lokacin yaƙin basasa. Wata mujallar Amurka ta buga labarinsa a 1867, sannan ya fitar da cikakken littafinsa a birnin Memphis a 1873. Bayan Kanuri da Larabci, ya koyi Turkanci da Rashanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Ingilishi.

Ga ɗan Barno da ya riƙe alƙalaminsa da kansa. Amma da Ingilishi ya rubuta, domin masu karatu na kudancin Amurka, a lokacin da yake koyarwa a makarantun 'yantattun bayi yana kuma neman abin rufin asiri. Wannan ya yi tasiri a kan abin da ya faɗa da abin da ya haɗiye. Babban misali shi ne littafin na 1873 bai ambaci aikin sojan da ya yi wa ɓangaren Arewa ba, abin da ba zai yi wa masu sayen littafi a Kudu daɗi ba. Harsunan da ya koya kuwa, sun fito a littafin a matsayin shaidar hazaƙa, hujja ga masu shakkar basirar baƙar fata. Wannan manufa ce mai kyau, sai dai ta sa an fi nuna mana sakamako a kan wahalar hanya. Mun ga mutumin da ya iya, ba mu cika ganin mutumin da yake tuntuɓe ba.

Irin wannan tacewa ta lokaci da matsayi ana ganin ta a Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda hukumar NORLA ta buga a Zariya a 1958. Maimaina jikan Abbega ne, abokin tafiyar Dorugu, ya yi wa Turawan mulkin mallaka tafinta kafin ya zama sarki a kudancin Barno. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa da na Dorugu zuwa Ingilishi a littafi guda. Da Hausa labarin ya fito, amma labarin dattijo ne mai rawani, wanda yake duban baya yana tsara abin da ya dace a tuna shi da shi. Su kuwa Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944 bayan ziyararsa Ingila a 1943, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, sun cika ma'aunan hannu da harshe, amma marubutansu sun tafi ne da Ingilishinsu a baki, saboda haka al'ada suka je gani, ba harshe suka je koyo ba.

7.0 Gurbin da ya Rage: Wulari a Matsayin Fage

Idan muka tattara abin da ya gabata, za a ga cewa wanda ya cika ma'aunai uku a cikin mutanen ƙarni na goma sha tara shi ne baƙon da ya zo kallonmu. Namu kuwa, kowanne ya rasa ɗaya ko biyu, ba don gazawarsa ba, sai don halin da bauta da zamani suka jefa shi. Marubucin yau ba shi da wannan uzuri. Yana da alƙalami, yana da harshe mai ƙa'idar rubutu, kuma ba ya bukatar ƙetare hamada kafin ya zama baƙo.

A Wulari, kamar sauran unguwannin Maiduguri da jama'a suka cakuɗa, ana jin Kanuri da Larabcin Shuwa da Babur da Margi da Fulatanci da harsunan kudancin Nijeriya, Hausa kuma ita ce gadar da kowa ke bi ya isa ga maƙwabcinsa, a kasuwa da makaranta da wuraren ibada. Tun daga rikicin da ya ɓarke a 2009, musamman a 2014 lokacin da garuruwa irin su Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, ɗimbin mutanen karkara sun kwararo cikin gari. Da yawa daga cikin mata da yaransu a nan suka koyi Hausa, cikin halin da bai yi nisa da na Ali Eisami ba, wato koyon harshe domin neman abinci da mafaka. Yaran da suka iso a goye yanzu sun zama samari da 'yan mata, wasunsu Hausa ta fi harshen iyayensu zama a bakinsu. An rubuta rahotanni masu yawa game da waɗannan mutane, galibi da Ingilishi, galibi da hannun wasu. Wannan shi ne tsarin Koelle da Schon ya sake dawowa cikin sabuwar riga.

Me irin wannan kundi zai ƙunsa? Mu ƙaddara wata ɗaliba ce mai harshen Kanuri take rubuta shi. Harshenta ba ya bambanta jinsin namiji da tamace a nahawu, saboda haka za ta daɗe tana faɗin “ya” inda ake son “ta”. Harshenta yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla, Hausa kuwa tana sa shi a tsakiya. Ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, don haka “ƙasa” da “kasa” za su zo mata da sauti ɗaya. Idan ta rubuta ranar da aka yi mata dariya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, da wanda ya gyara mata, da yadda ta ji, ta ajiye abin da babu wani littafin nahawu da zai iya ajiyewa. Idan ta rubuta kalmar Kanuri da ta nema a bakinta wata rana ta rasa, ta ajiye tarihin sauyin harshe a gari guda, daga ciki.

Haka nan kuma ta ɗaya ɓangaren. Bahaushe ya saba kowa ya zo ya same shi a harshensa, shi ya sa da wuya ya ɗanɗani baƙunta ko da a garin wasu yake. Bahaushen Maiduguri da zai ɗaura niyyar koyon Kanuri, ya wuce “wushe” ta gaisuwa, ya rubuta abin da ya gani a daren wushe-wushe na biki, ya bi sawun yadda ake girmama bulama da lawan, ya tambayi abin da maƙwabtansa ke nufi idan sun kira shi Afuno, zai dawo da abin da adabinmu ke da ƙarancinsa, wato Bahaushe kamar yadda wasu ke ganin sa. Zai kuma tarar da bashi tsoho, domin tun a 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su “karatu” da “rubutu” da “kasuwa” ta hanyar Kanuri suka shigo Hausa.

Daga kundayen da muka feɗe za a iya tsamo wasu sharuɗɗa. Daga Barth, a sa kwanan wata da wuri, a kuma rubuta kafin a kwanta barci, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Daga Dorugu, a bayyana kafin a yanke hukunci, kada a mayar da al'adar wasu abin ba'a. Daga Sa'id, a yi hattara da mai karatun da ake son burgewa, domin shi ne ke sa a goge tuntuɓe, alhali tuntuɓen shi ne labarin. Muna ƙara da cewa kada a yi gaggawar mayar da maganar mutane zuwa daidaitacciyar Hausa. Hausar Maiduguri, da karinta da aron da ta yi, ta cancanci a ji ta a takarda yadda take. A sakaya sunayen maƙwabta, tunda ba su ba da izinin a fallasa zancensu ba. Wayar hannu na iya ɗaukar murya, kuma wannan taimako ne, amma ba ta ɗaukar abin da mai koyo ya zata ana nufi kafin ya gane, wanda shi ne aikin alƙalami. A ƙarshe, a yi kwafi a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ta isa ta tuna wa mutanen garin nan cewa takarda ba ta jure ruwa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kundin baƙo nau'in adabi ne mai zaman kansa, mai jigo da salo da za a iya tarkewa, kuma tushensa a Hausa ya girmi ƙagaggun labaran da muka saba farawa da su. Ta nuna cewa ƙimar kowane kundi tana rataye ne a kan hannun da ya rubuta shi, da lokacin da aka rubuta shi, da harshen da aka zaɓa. Ali Eisami da Dorugu sun ba da harshensu, wasu suka riƙe alƙalami. Sa'id ya riƙe alƙalami, ya ari harshe. Muna kira ga sassan koyar da Hausa da su sa labarin Dorugu cikin manhajar zube, a karanta shi a matsayin adabi. Muna kuma kira ga ɗalibai masu aiko da rubutu ga wannan mujalla, musamman waɗanda Hausa ba ita ce harshensu na farko ba, da su ɗauki hanyar da suka bi suka iso gare ta a matsayin abin rubutawa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.